Raddi ga Masu Cewa Belichick Ɗan Rakiyar Brady Ne

Tun da Tom Brady ya bar New England Patriots a Maris na 2020, ya koma Tampa Bay ya ɗauki kofin Super Bowl a kakarsa ta farko a can, wata magana ta kama bakin masu sharhin ƙwallon Amurka. Wai Bill Belichick, kocinsa a Patriots, ɗan rakiya ne kawai, kofuna shidan da suka ɗauka tare gumin Brady ne. Hujjarsu ita ce daga 2020 zuwa 2023 kocin ya ci wasa 29, ya sha kashi a 38, har aka raba gari da shi a Janairun 2024. Da wannan ƙidaya suka yanke masa hukunci.

Maganar ta tsaya ne a kan zaton cewa Brady ya iso ƙungiyar da ƙwarewarsa cikakkiya, kuma nan ne ta fi rauni. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 2000, mutum 198 aka ɗauka kafin a kira sunansa. Shi ne kwatabak na huɗu a Patriots, wato mai jefa ƙwallo da ke jan ragamar hari, alhali mutum biyu ko uku ƙungiyoyi suke riƙewa a wannan gurbi. Belichick ya ƙi sallamarsa. A Maris na 2001 ƙungiyar ta ba babban kwatabak ɗinta, Drew Bledsoe, kwantiragin shekara goma na dala miliyan 103. A Satumba ya ji mummunan rauni a wasa da New York Jets, Brady ya shiga. Da Bledsoe ya warke, sai kocin ya bar shi a benci, ya ci gaba da yaron da ba wanda ya sani. Ku tuna, a kakar 2000 wasa biyar kacal Belichick ya ci daga cikin 16, aikinsa ne ya ɗora a kan wannan shawara. Wane ɗan rakiya ne ke yin haka? Masu wannan magana ba sa taɓa kawo wannan gaɓa, domin sun san tana rushe musu gini.

Haba jama'a, ku koma ku kalli wasan ƙarshe na Fabrairun 2002! St. Louis Rams sun zo da Kurt Warner da hari mafi zafi a ƙasar, kowa na jiran a yi wa Patriots kaca-kaca. Masu tsaron bayan Belichick suka riƙa bugun masu karɓar ƙwallo tun daga layi, suka hana su sakat, Ty Law ya cafke jifar Warner ya ruga da ita har ƙarshen fili. Aka tashi 20 da 17. Jifar Brady duka a daren nan yadi 145 ce. Ya yi jarumta a mintin ƙarshe, ba mai musun wannan, amma tsaro ne ya kai wasan inda jarumtar za ta yi amfani. Kofinsu na ƙarshe ma, a Fabrairun 2019, haka ya kasance: Rams da suka saba cin fiye da maki 30 a wasa, maki uku suka samu, aka tashi 13 da 3.

Sai batun Tampa, wanda suke ta daka wa tsalle a kai. Brady ya tarar da Mike Evans da Chris Godwin, Rob Gronkowski ya biyo shi. A wasan ƙarshe kuma 'yan bayan Todd Bowles, mai horar da tsaron Tampa a lokacin, ne suka tsare Patrick Mahomes, kwatabak ɗin Kansas City, ƙungiyarsa ba ta kai ƙwallo ƙarshen fili ko sau ɗaya ba, aka tashi 31 da 9. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a Tampa ko a New England.

Suna cewa Belichick bai taɓa yin komai ba sai da Brady. Wannan jahilcin tarihi ne. Belichick ya ɗauki kofi biyu yana shugaban masu horar da tsaro a New York Giants ƙarƙashin Bill Parcells. Tsarin da ya zana ya tsare Buffalo a Janairun 1991 yana ajiye a gidan tarihin wasan da ke Canton, kuma a lokacin Brady yana ɗan shekara 13. A 2008 Brady ya ji rauni a gwiwa a wasan farko, Matt Cassel ya maye gurbinsa, suka ci wasa 11 daga 16.

Shekarun bayan rabuwa da Brady sun yi muni, gaskiya ne. Miƙa ragamar hari ga Matt Patricia, mutumin tsaro, a 2022 kuskure ne babba, kuma kwatabak Mac Jones ne ya ɗanɗana kuɗarsa. Duk da haka a 2021 sun ci wasa goma da Jones yana sabon shiga.

Cleveland kuwa, ƙungiyar da Belichick ya taɓa horarwa, wadda suke jawowa idan hujja ta ƙare musu, ya kai ta ga cin wasa 11 a 1994. A tsakiyar kakar 1995 mai ƙungiyar, Art Modell, ya sanar zai kwashe ta zuwa Baltimore, komai ya watse.