Man Gyaɗar Isa da Ɗakin Gwajin Jami'a

Kowa ya san mai da ruwa ba sa ga maciji. Amma burodin da muke ci da safe da man bota na gwangwani duk sai an sasanta su biyun kafin su yi kyau. Masu sasantawar sinadarai ne da ake sayowa daga ƙetare da kuɗi masu tsoka, alhali kuwa daga mai ake yin su, irin wanda iyayenmu mata a Isa da Sabon Birni suke matsewa in suna ƙuli-ƙuli.

Ga yadda abin yake. Kowace ƙwayar mai gilisarin ce mai wutsiya uku. In aka datse biyu aka bar ɗaya, sai gefe guda ya kama ruwa, ɗayan ya kama mai. A masana'antu sai an dafa mai da gilisarin a zafin da ya haura digiri 200. Amma akwai wani sinadari na halitta, lifes, wanda yake wannan datsa cikin hanjin kowannenmu bayan tuwo, da ɗumin jiki kawai.

Ba sabon ilmi ba ne. Tun 1902 masana a Jamus suka nuna lifes na cikin 'ya'yan zurma yana farfasa mai. I, zurmar nan ta bayan gida da ta bakin juji! Sai dai tana da dafi mai kisa, kuma lifes ɗinta yakan zarce ya datse wutsiyoyin duka. Raba shi da dafin, da tsayar da shi inda ake so, aikin ɗakin gwaji ne, kuma a ganina nan ya kamata masu karatun kimiyya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su sa kai, maimakon juya kundin waɗanda suka gabace su.

Za a ce mini gyaɗa ba ta koma yadda take ba tun annobar 1975, kuma 'yan bindiga sun hana manoman gabashin Sakkwato noma hankali kwance. Gaskiya ne, ban kuwa ce a kafa masana'anta a Isa gobe ba. Abin da nake roƙo bai kai haka ba: ɗalibi ɗaya daga ƙasar Gobir ya ɗebo kwalbar man mahaifiyarsa, sashensa ya ba shi teburi da shekara guda, ƙungiyarmu kuma ta biya kuɗin kayan gwajin.