Gas daga karan hatsi: mafita ce ga matsalar itacen girki?

A Maraɗi da Damagaram da Tawa, yawancin gidaje da itace ko gawayi suke girki, kuma kowace shekara masu saro itacen sai sun ƙara nisa cikin daji. Tun 2011 matatar SORAZ ke samar da gas na buteli, amma bai kai kowane gida ba. Shi ya sa ake ta maganar samar da gas daga ragowar amfanin gona.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Ana gina rami da siminti a rufe shi ruf yadda iska ba ta shiga, a riƙa zuba kashin shanu da yankakken kara da ruwa. Ƙwayoyin halitta ne ke ruɓar da su, su fitar da iskar da fiye da rabinta metan ce, wadda ke kama wuta. Aikin ya fi kyau a zafin digiri 35 zuwa 37, don haka yanayin Nijar ya dace. Abin da ya rage a ramin kuma taki ne mai kyau. Makwabciya Burkina Faso ta gina irin waɗannan ramuka sama da 10,000 a ƙarƙashin wani shiri na ƙasa.

Sai dai a Nijar kara ba shara ba ne. Da shi ake ciyar da bisashe lokacin bazara, da shi ake darni, kuma wanda aka bari a gona shi ke kare ƙasa daga iska. Duk damin da ya shiga rami, an rage shi ne daga bakin dabba ko daga gona. Ga shi karan hatsi na da tauri, ba ya ruɓewa da wuri sai an daddatsa shi an haɗa da kashi. Ramin gida guda na buƙatar kashin shanu uku zuwa huɗu da ke ɗaure, da ruwa kusan daidai yawan kashin kullum.

Saboda haka inda abin zai fi tasiri shi ne wuraren da shara ke taruwa ba mai so: mahautan birane, kasuwannin kayan lambu, da gidajen masu kiwon turke. In hukumomi suka soma daga nan, suka horar da magina, suka sauƙaƙa bashin gini, matan birni za su rage shaƙar hayaƙi ba tare da an taɓa abincin bisashe ba.