Sauya wa Giya Suna Ba Ya Halatta Ta



Ƴan uwa Musulmi na Mirriya da kewaye, akwai wata ɗabi'a da ke shigowa cikinmu sannu a hankali, ta hanyar liyafar ma'aikata da walimar otel-otel a Damagaram da Yamai. Kafin a kawo abinci sai a zagayo da ƙananan kofuna, a ce "aperitif" ne, wai mai buɗe ciki. Yaronmu da ya sauke Alƙur'ani a garin nan sai ya miƙa hannu ya karɓa, don bai ji an ambaci giya ba.

To, ku san abin da ke cikin kofin. Kalmar ta samo asali daga Latin, ma'anarta buɗewa. Da yawa daga cikin abin da Turawa ke sha da wannan suna giyar inabi ce da aka ƙara wa barasa mai ƙarfi, wani lokaci da saiwoyi da ganyaye masu ɗaci. Irinsu ne vermouth, wanda Carpano ya fara sayarwa a Turin ta Italiya a 1786, da porto na ƙasar Fotugal. Giyar kwalba da kowa ya sani tana da barasa wajen kashi 5 cikin ɗari. Waɗannan kuwa suna ɗauke da kashi 15 zuwa 22, Ricard ma kashi 45. Ashe ƙanƙantar kofin yaudara ce.

Masu kare wannan ɗabi'a suna da hujja uku, kuma dukkansu ba su da ƙafar tsayawa.

Ta farko, wai kaɗan ne, ba ya sa maye. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ya haramta kaɗan ɗin duk abin da mai yawansa ke sa maye. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda malamanmu ke karantarwa a zaure, a kan haka ta tsaya. Shari'a ba ta auna haramci da girman kofi.

Ta biyu, wai magani ne. Wannan tsohon zance ne. A 1846 Joseph Dubonnet ya haɗa giyarsa a Faris da kinin, domin sojojin Faransa da ke Arewacin Afirka su iya haɗiye maganin zazzaɓin cizon sauro. Yau ma haka ake sayar wa matasanmu kwalaben "bitas" da sunan maganin basir ko ƙarfin maza, alhali da yawansu barasa ce aka jiƙa saiwa a ciki. A Sahihu Muslim, Ɗariƙ ɗan Suwaid ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kan yin magani da giya, sai ya sanar da shi cewa cuta ce. Mai zazzaɓi ya nufi likita.

Ta uku, wai ladabi ne, ƙin karɓa cin fuskar mai gida ne. Shin fuskar shugaban ofis ta fi umarnin Allah a Suratul Ma'ida, aya ta 90, inda aka ce a nisance ta? Hadisi ya hana mumini ko da zama a teburin da ake zagayawa da giya. Annabi kuma ya riga ya gargaɗe mu cewa wasu daga al'ummarsa za su sha ta suna kiranta da wani suna. Ga shi muna gani da idonmu.

Don haka, ɗan uwa, kafin ka kai kwalba baki, duba takardar jikinta. In ka ga lamba tare da alamar "% vol", barasa ce, ajiye. In an miƙo maka kofin da ba ka sani ba, tambaya, domin tambaya ba ƙauyanci ba ce. In ka tabbata giya ce, ka ce ba ka sha, ka tashi daga teburin. Mai shago, kuɗin da ka samu daga irin wannan kwalba haram ne ko da ba ka taɓa kurɓa ba. Iyaye, ku faɗa wa ƴaƴanku wannan tun kafin su tafi jami'a ko wurin aiki.

Wanda ke son abin jiƙa maƙoshi kafin tuwo, ga zoɓo, ga ruwan tsamiya, ga lemun citta. Ku tura wannan saƙo ga ƴan uwa.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, Ya tsarkake abincinmu da abin shanmu. Amin.