Makullin da Ya Kulle Mai Gida a Waje

'Yan uwa malamai, babu mai musun cewa manhajar biyan albashi tana buƙatar tsaro, domin mu ma ba mu son ma'aikatan bogi su ci guminmu. Amma wace hikima ce a bar ƙofa guda tak, a ce sai lambar sirri ta shigo wayarka kafin a yarda kai ne? Malamin ƙauye sai ya hau tudu neman sabis, kafin saƙon ya iso wa'adin lambar ya cika. In ya kuskure sau uku, a rufe asusunsa.

Kada a ce mana laifin kwamfuta ne. Mutum ne ya zauna ya zaɓi wannan saitin, alhali akwai wasu hanyoyin: lambobin ajiya a takarda, hoton fuska, ko tantancewa gaban jami'i da katin NIN. Ƙuncin nan shi ke sa malamai miƙa kalmar sirrinsu ga masu shagon intanet, tsaron da ake tutiya da shi ya tashi a banza.

Wajibi ne reshenmu ya nemi kujera inda ake tsara saitin. Kuma kada a tsayar da albashin kowa sai an saurare shi baki da baki.