Khartoum bayan yaƙi: wa zai zauna da marubuta a zauren jami'a?

Tun bayan da sojojin Sudan suka ƙwace birnin Khartoum daga hannun dakarun RSF a watan Maris na 2025, jama'a ke komawa unguwannin kudancin birnin irin su Alsahafa. Su ma jami'o'in da yaƙin 15 ga Afrilun 2023 ya tarwatsa suna ƙoƙarin komawa mazauninsu, bayan sun daɗe suna lallaɓa karatu ta intanet da jarrabawa a cibiyoyin wucin gadi. Yawancin maganar da ake yi ta gyaran gini ce da wuta da ruwa. Amma akwai wata al'ada da siminti ba zai dawo da ita ba: zaman tattaunawa a bainar jama'a, wanda Sudanawa ke kira nadwa, inda marubuci da malami da shugaban jami'a ke amsa tambayoyin ɗalibai.

A Sudan irin wannan zama ba abin wasa ba ne. A ranar 21 ga Oktoban 1964 ɗaliban Jami'ar Khartoum suka taru domin tattauna rikicin kudancin ƙasar, duk da haramcin da gwamnati ta yi. 'Yan sanda suka buɗe wuta, aka kashe ɗalibi Ahmad al-Ƙurashi, kuma cikin 'yan makonni mulkin Janar Ibrahim Abbud ya zo ƙarshe. Tun daga lokacin masu mulki suka san nauyin zauren jami'a, suka kuma sa masa ido.

Jami'ar, wadda ta faro a matsayin Kwalejin Gordon a 1902 ta kuma zama cikakkiyar jami'a a 1956, ta taɓa samun shugaban da shi kansa ma'abocin adabi ne. Farfesa Abdullahi Ɗayyib ya shugabance ta a tsakiyar shekarun 1970, kuma kafin nan ya jagoranci Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano a shekarun 1960. Tafsirin da ya yi shekaru yana gabatarwa a Rediyon Omdurman cikin Larabcin da talaka ke ji ya nuna cewa babban malami na iya magana da jama'a ba tare da girmansa ya zube ba.

Dangantakar marubuta ƙagaggun labarai da hukuma kuwa ba ta yi wannan daɗi ba. Ɗayyib Salih, wanda littafinsa "Mausim al-Hijra ila al-Shamal" ya fito a 1966, ya yi karatu a Khartoum amma ya ƙare mafi yawan rayuwarsa a waje, ya kuma soki gwamnatin Umar al-Bashir da kakkausar murya. Ya rasu a Landan a 2009. A wannan shekarar Abdul'aziz Baraka Sakin ya ci gasar da ke ɗauke da sunan Salih da labarinsa kan 'yan ƙwadagon gonakin gabashin Sudan, sai ga shi a 2012 an ƙwace littattafansa a baje kolin littattafai na Khartoum, ya yi hijira zuwa Ostiriya. Laila Abul'ula, tsohuwar ɗalibar Jami'ar Khartoum wadda ta fara lashe kyautar Caine a 2000, tana zaune a Birtaniya. Hammur Ziyada ya karɓi lambar Najib Mahfuz ne a Alƙahira a 2014. Wato duniya na karrama su, gida kuma na jin labari daga nesa.

Shi ya sa gayyatar irin waɗannan marubuta zuwa zaure kamar na Sharjah da ke Jami'ar Khartoum za ta zama gwaji ga shugabannin jami'o'i. Shugaba na da kujera da kasafi da zai kare, kuma gwamnati ce ke sama da shi. Marubuci kuwa sana'arsa ita ce faɗin abin da rahoton hukuma ya tsallake: wa ya mutu, wa ya wawure gidan maƙwabci, wa aka tsare a shingen bincike saboda launin fatarsa ko harshensa. Idan an tace tambayoyi tun kafin zama, taron zai ƙare a yabo da ɗaukar hoto. Idan aka bar ɗalibi ya yi tambaya ya kuma koma gida lafiya, jami'a ta fara dawo da amanar da ta fi gini wuyar gyara.

Hausawan Sudan na da nasu rabon a wannan batu. Kakanninsu sun iso ta hanyar aikin hajji da kuma hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta haifar da garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu. Duk da haka, rikicin watan Yulin 2022 a jihar Blue Nile ya nuna cewa har yau akwai masu yi musu kallon baƙi. Masana irin su Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartoum sun yi nazarin Hausar Sudan, amma nazari daban, labari daban. Al'ummar da ba ta cikin labaran ƙasa tana da sauƙin sharewa daga lissafin ƙasa.

Gadar haɗa wannan zama tana nan. Jami'ar Afirka ta Duniya da ke kudancin Khartoum ta yaye ɗimbin ɗaliban Najeriya da Nijar, kuma daga cikinta aka kwashe da yawa a motoci zuwa iyakar Masar a 2023. Jami'o'in Kano da Sakkwato da Maraɗi na iya gayyatar marubutan Sudan da ke gudun hijira, su zaunar da su tare da marubutan Hausa irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, waɗanda su ma suka san ɗacin takunkumi, domin a Kano an ƙone littattafan Hausa a 2007.

Ma'aunin farfaɗowar jami'o'in Khartoum ba ranar buɗe ƙofa ba ce kaɗai. Abin lura shi ne wa aka ba makirufo, da kuma ko ɗan Alsahafa ko ɗan Mai Wurno zai iya ɗaga hannu ba tare da ya waiga bayansa ba.