Wa Zai Tsaya Wa Majiyyaci? Martani Ga Masu Raina Karatun Ɗa'a Da Dokokin Kiwon Lafiya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa matasa, akwai wani fanni na ilimi da muka raina, kuma rainin nan ya ja mana asarar rayuka. Fannin shi ne ɗa'a da dokokin kiwon lafiya, wanda likita ko ma'aikacin jinya ko lauya ko masanin Shari'a yake komawa jami'a ya yi digiri na biyu ko na uku a kansa. A duk lokacin da matashi ya ce zai yi wannan karatu, sai ka ji an taso masa ta fuska uku. Abokansa likitoci su ce ɓata lokaci ne, ya tafi ya ƙware a tiyata ko ciwon zuciya inda ake samun kuɗi da suna. Wasu masu kishin addini su ce falsafar Turawa ce marasa tsoron Allah, mu da muke da Alƙur'ani da Sunna me za mu tsinta a ciki? Kashi na uku kuma, waɗanda suka ɗan leƙa karatun, su ce ai Turawa sun gama magana, namu kawai mu kwafo. Ina da ja da dukkan ukun, kuma hujjata ta farko tana birnin Kano.

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewacin Nijeriya, ta kashe dubban mutane. Ana cikin wannan hali kamfanin magunguna na Pfizer ya zo Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano ya gwada sabon maganinsa mai suna Trovan a kan yara. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, aka ba kimanin rabinsu sabon maganin, sauran aka ba su wani magani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, biyar daga ɓangaren Trovan, shida daga ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da naƙasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi kisan, kuma an nemi izinin iyaye da baki. Iyaye da dama suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Sai a ƙarshen shekarar 2000 jaridar Washington Post ta Amurka ta tono maganar, daga baya kuma ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, bayan an gama gwajin aka rubuta ta, aka mayar da kwanan watanta baya. An yi ta shari'a a Nijeriya da Amurka, a 2009 kuma aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011 iyalai na farko suka fara karɓar diyya, shekara 15 bayan an binne 'ya'yansu.

To, ya kai mai cewa wannan karatu ɓata lokaci ne, me aka rasa a Kano a wancan lokaci? Akwai likitoci, akwai malamai, akwai alƙalai. Abin da babu shi ne mutum mai horo da iko wanda zai karɓi takardar tsarin gwajin, ya karanta ta layi-layi, ya tambaya: an taɓa ba yara masu sanƙarau wannan magani ta baki? A wane harshe za a yi wa uwa bayani? Za a gaya mata cewa ƙungiyar likitocin agaji tana ba da sanannen magani kyauta a cikin asibitin nan? Wa zai bibiyi yaran bayan an tattara kaya an tafi? Waɗannan tambayoyi su ne abin da ake koyarwa a ajin da kake rainawa. Duniya ta san su tun ƙa'idojin Nuremberg na 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964. Mu kuwa sai a 2007 Nijeriya ta fitar da kundinta na ɗa'ar binciken lafiya.

Asarar ba ta tsaya nan ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa bisa zargin an gurɓata shi da abin hana haihuwa, kuma abin da ya faru a 1996 yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa kafa hujja da su. Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya. Kafin nan cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, yara da yawa suka shanye, kuma sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Da akwai 'ya'yanmu masu ilimin nan, waɗanda malamai suka yarda da addininsu, likitoci kuma suka yarda da iliminsu, da sun hana zaluncin farko ko kuma sun kashe wutar jita-jitar da ta biyo baya.

Yanzu bari in juyo ga ɗan'uwana mai cewa fannin na Turawa ne. Wannan magana jahiltar tarihinmu ce. A ƙarni na tara Miladiyya, a ƙarƙashin daular Abbasiyya, Ishaƙ ɗan Aliyu al-Ruhawi ya rubuta littafi sukutum da Larabci a kan ladubban likita. A shekarar 931, bayan wani majiyyaci ya mutu ta kuskuren mai magani, Halifa al-Muƙtadir ya umarci Sinanu ɗan Sabit ya jarraba likitocin Bagadaza, ba mai taɓa majiyyaci sai wanda aka ba izini. Hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya shiga yi wa mutane magani ba tare da an san shi da ilimin ba, kuma a kansa ne malaman fiƙihu suka gina babin biyan diyya idan likita ya yi ganganci. Kiyaye rai ɗaya ne daga manufofi biyar na Shari'a. Ashe kuwa gadonmu ne muka bari a ƙasa, wasu suka ɗauka suka gina masa makarantu.

Sai dai faɗin cewa muna da Alƙur'ani da Sunna ba ya sauke nauyi, domin malaman usulu sun ce hukunta abu reshe ne na fahimtarsa. Ɗauki mas'alar mutuwar ƙwaƙwalwa. Mutum yana kwance, na'ura tana hura masa iska, zuciyarsa tana bugawa, jikinsa da ɗumi, amma likitoci sun ce ƙwaƙwalwarsa ta daina aiki har abada. Ya mutu ko yana raye? A 1986 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman ta ce idan ƙwararrun likitoci suka tabbatar da haka, to a Shari'a ya mutu. A 1987 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta ce ya halatta a cire na'urar, amma ba za a yi masa hukuncin mamaci ba sai zuciya da numfashi sun tsaya. Bambancin nan ya shafi lokacin da matarsa za ta fara takaba, da wanda zai gaje shi in wani ɗan'uwansa ya rasu a tsakani, da halaccin cire ƙodarsa a dasa wa wani. Manyan malaman nan ba su yi magana ba sai da suka zauna da likitoci suka saurare su. Mu kuwa yau sai a tare malami bayan karatu, ko a aika masa saƙon waya, a tambaye shi irin wannan, ya amsa nan take alhali bai taɓa shiga ɗakin kulawa ta musamman ba. Wannan ganganci ne da rayukan bayin Allah, ko da niyyarsa mai kyau ce.

Kuma kada wani ya ce waɗannan matsalolin ƙasashen waje ne. Tun 2002 Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda. Majalisar Fiƙihu ta halatta dashen gaɓoɓi da sharuɗɗa a Jidda a 1988, ta haramta sayar da su, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta hana cinikin. Amma wa zai tantance ko yaron da ya zo yana cewa sadaka zai ba maigidansa ƙoda, da yardarsa ne ko yunwa ce ta koro shi? Kowa ya ji yadda wata kotu a Landan ta ɗaure tsohon mataimakin shugaban Majalisar Dattawa, Ike Ekweremadu, shekara tara da wata takwas a 2023, saboda kai wani matashi mai talla daga Legas domin a cire ƙodarsa. Abin da ya fara ceton yaron shi ne likitan da ya zauna da shi ya yi masa tambayoyi, ya gane bai fahimci abin da za a yi masa ba. A 2024 kuma Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin rukunin jini saboda sikila, domin idan miji da mata duk suna ɗauke da AS, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu. Doka ce mai amfani, amma wa ke da haƙƙin ganin sakamakon? Waliyyi? Liman? Idan asirin yarinya ya fita a unguwa, wa za a kama? Sashe na 26 na Dokar Lafiya ya wajabta rufe sirrin majiyyaci, Shari'a ma ta kira shi amana. Ɗinke waɗannan wuri guda aikin masani ne.

Ga wadda ta fi kusa da kowane gida. Mace tana doguwar naƙuda, likita ya ce sai tiyata, mijinta ya yi tafiya, sai a tsaya ana jiran sa hannunsa har abin da ake gudu ya auku. Alhali Kotun Ƙolin Nijeriya, a shari'ar Dakta Okonkwo ta 2001, ta tabbatar cewa baligi mai hankali shi ke da ikon amincewa ko ƙin maganin da za a yi masa. Majalisar Fiƙihu ma a Jidda a 1992 ta ce izinin majiyyaci mai cikakken hankali shi ne sharaɗi, kuma a halin gaggawa da rai ke cikin haɗari ba a jiran izini. A zaman nan dai ta shardanta yardar mutum ba tare da tilas ko kwaɗaitarwa ba kafin a yi bincike a kansa, ta kuma tsananta ƙwarai game da yara, shekara huɗu kafin abin da ya faru a Kano. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ya haramta wa asibiti ƙin karɓar mai neman agajin gaggawa, wata doka ta 2017 kuma ta wajabta a duba wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Dokokin suna nan a rubuce, fatawoyin ma haka. Talaka bai san su ba, ma'aikata da yawa ba su san su ba, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Saura kashi na uku, masu cewa mu kwafo kawai. Littafin da ya fi tasiri a fannin shi ne wanda Beauchamp da Childress suka wallafa a Amurka a 1979, inda suka gina komai a kan ginshiƙai huɗu: 'yancin mutum a kan kansa, kyautatawa, kauce wa cutarwa, da adalci. Musulmi ba zai yi musun ukun ƙarshe ba. Na farkon ne ke buƙatar awo, domin a wurinmu jiki amana ce, mutum ba ya mallakarsa mallakar da za ta ba shi damar sayar da shi ko neman a kashe shi, kamar yadda Holan da Beljiyam suka halatta wa likita ya yi tun 2002. Haka nan maganar zubar da ciki: dokar Ingila ta 1967 daban, dokar Final Kod da ke aiki a Arewa ba ta yarda ba sai don ceton ran uwa, majalisar Makka a 1990 ta yi rangwame kafin kwana 120 idan likitoci suka tabbatar da mummunar tawaya, mazhabar Malikiyya da muke bi kuma ta fi sauran tsanani. Wanda ya haddace ɗaya ya bar ukun zai ɓatar da mutane. Saboda haka ɗalibin da muke so shi ne wanda zai shiga ajin da fiƙihunsa a hannu, ya koyi yadda suke kafa hujja da warware ta, ya karɓi gaskiya ko daga bakin wa ta fito, ya kuma mayar da martani da ilimi a inda suka kauce. Zagi daga nesa ba ya sauya ko layi ɗaya a cikin doka.

Hanyar ba a rufe take ba. Jami'ar Ibadan tana ba da digiri na biyu a fannin. A Birtaniya akwai King's College da ke Landan da jami'o'in Manchester da Edinburgh, kuma tunda tsarin shari'ar Nijeriya daga na Ingila ya samo asali, hukunce-hukuncen kotunansu suna da amfani ga lauyanmu. A Doha, Jami'ar Hamad Bin Khalifa tana koyar da ɗa'a ta fuskar Musulunci kai tsaye. Likita da ungozoma da mai haɗa magani da lauya da wanda ya karanta Shari'a duk suna da ƙofar shiga, kuma 'yan'uwa mata sun fi kowa cancanta, domin yawancin mas'alolin a ɗakin haihuwa suke faruwa. Mai niyya ya ƙarfafa Larabcinsa da Turancinsa, ya karanta usulul fiƙhi da manufofin Shari'a a gaban malami kafin ya tafi, ya kuma zaɓi matsalar gida ya rubuta kundinsa a kanta, kamar yadda za a nemi izinin wanda bai iya karatu ba da harshen da yake ji. In ya gama ya dawo ya zauna a kwamitin ɗa'a na asibiti, ya koyar a makarantar jinya, ya taimaka wa majalisa wajen tsara doka, ya zauna kusa da malami lokacin da za a yi fatawa.

A fahimtata wannan karatu farali ne na kifaya: idan wasu suka yi ya faɗi a kan saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Masu hannu da shuni da suke gina masallaci a kan masallaci su ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya ko biyu, iyaye kuma su daina auna ilimi da albashin watan farko. Gwajin magani bai ƙare a Afirka ba, ga kuma sababbin mas'aloli na dashen ciki da gyaran ƙwayoyin halitta da ajiye bayanan majiyyata a kwamfuta. In ba mu zauna a teburin da ake yanke hukuncinsu ba, wasu za su yanke mana, mu koma ihu bayan hari kamar yadda muka yi a baya.

Allah Ya jiƙan yaran da suka rasu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba mu ilimi mai amfani da ikon aiki da shi.