KALLON TASWIRAR BAKIN TEKU BA WASA BA NE

Da sunan Allah, Mai halitta launuka. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatu, na ji waɗansu suna cewa duban zanen teku da itatuwa ɓata lokaci ne, bai kamaci ɗalibi ba. Ni kuwa ban yarda ba, ga hujjata.

Da fari, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Ibn Abbas ya hori wani mai zane ya bar siffar masu rai, ya zana itatuwa da abin da ba shi da ruhi. Ashe ke nan ruwa da gajimare ba su cikin abin da aka hana.

Na biyu, akwai wani Ba'amurke, Winslow Homer, wanda aka haifa a 1836, ya mutu a 1910. Ya je tsibiran Bahamas a ƙarshen 1884, ya sake komawa a 1898. A zuwansa na biyu ya zana guguwa a Nasau da launin da ake damawa da ruwa. Babu mutum a cikin taswirar, sai rufin gidaje, da itatuwan kwakwa da iska ta kaɗa ganyensu, da sama ta yi toka-toka. Duk da haka wanda ya dube ta sai gabansa ya faɗi, kamar manomi da ya hango hadari ga hatsi a shanya. Launi kaɗai ya isar da tsoron.

In kun sami irin wannan taswira, ku dubi ruwan tukuna. Inda ya yi tsanwa-tsanwa, ba zurfi, farin rairayi ne ke mayar da haske. Inda ya yi shuɗi mai duhu, can zurfi yake. Sa'an nan ku dubi sama, ita ke faɗin ko lafiya ko fitina.

Mu da muke yi wa allon sauka zayyana da jan tawada da kore da rawaya, mun san launi yana da magana. Yaron da aka koya wa tsayawa ya lura, shi ne gobe zai rarrabe wasali da wasali. Wanda aka hana shi dubawa kuwa, ya wuce ayoyin Ubangijinsa ido buɗe bai gani ba.

Allah Ya buɗe basirarmu, amin. Haza wasalam.